Tsarin Shekara Biyar, Kuɗin Shekara Ɗaya
(Jawabin da aka gabatar a taron reshe)



An nemi mu yi magana kan wahalar da jami'o'i da kwalejoji ke sha wajen tsara makomarsu. Wani zai ce, ina ruwan malamin firamare da wannan? Ruwanmu ne ƙwarai, domin yawancinmu daga kwalejin ilimi muka fito da shaidar NCE, kuma daga can ne waɗanda za su gaje mu za su fito.

Kwaleji takan kafa kwamiti, a yi watanni ana zama, a buga kundin tsarin shekara biyar mai ƙyalƙyalin bango. Amma kuɗin da za a aiwatar da shi shekara-shekara ake yanke shi, kuma ba a harabar makarantar ba. Asusun TETFund, wanda aka kafa a 2011, yana gina ajujuwa da ɗakunan karatu, yana tura malamai ƙaro ilimi, sai dai ba ya biyan albashi, ba ya sayen man janareta. Wanda ya yi lissafinsa a 2022, ina lissafin ya kwana bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023? Ga kuma yajin aiki: na ASUU a 2022 wata takwas ya ci.

Abin da ya fi damun mu shi ne sauyin manufa daga sama. A 2015 gwamnatin Jonathan ta ɗaga kwalejojin ilimi huɗu, har da na Kano da Zariya, zuwa jami'o'i. Kafin shekarar ta ƙare sabuwar gwamnati ta dakatar da matakin, sai bayan shekaru aka dawo da shi. Makarantar da ba ta san ko gobe kwaleji ce ko jami'a ba, wane malami za ta ɗauka, wane gini za ta fara?

Mu dubi batun harshe, wanda ya shigo har cikin ajinmu. A ƙarshen 2022 aka amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa. A 2025 aka soke. Karatun NCE kuwa shekara uku ne. Ke nan ɗalibar da ta shiga sashen Hausa saboda waccan manufa, tana shirin karɓar sakamako manufar ta riga ta kau. Laifinta ne, ko na shugaban kwalejin?

Duk da haka ba za mu wanke kwalejojin sarai ba. A tsawon shekarun da muka yi a aji, ba mu taɓa ganin mai rubuta irin wannan kundi ya zo ya tambaye mu wane irin malami muke bukata ba. Ɗalibai sukan zo mana gwajin koyarwa da ilimin littafi gwargwado, amma aji ɗaya mai cike maƙil, wanda rabinsa bai san baƙi ba, sai ya gagare su tun makon farko. Ba don rashin ƙoƙari ba; ba a nuna musu ba ne, kamar yadda mu ma ba a nuna mana ba.

Saboda haka muna roƙon reshe ya rubuta wa kwalejin da ke kusa da mu, ya nemi kujera ɗaya ga malamin firamare a kwamitin tsare-tsarenta. Kafin nan, kowane hedimasta ya tattaro mana adadin malaman da makarantarsa ta rasa, darasi-darasi, ya miƙa wa sakatare kafin taro na gaba.