Alƙawarin Sabuwar Shekara: A Rage Mai A Tukunya, A Motsa Jiki

A jawabinsa ga matasa a Tudun Wada, Zariya, ranar ɗaya ga Muharram, wani ɗan'uwa likita ya ce duk shekara samari kan ɗauki alƙawarin kula da lafiyarsu, amma kafin Safar ta kama sun watsar, saboda sun ɗorawa kansu abin da ya fi ƙarfinsu.

Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Wanda ya bar acaɓa ya taka da sauri zuwa Ƙofar Doka ya dawo, ya kama hanya.

Da ya juyo kan abinci, ya ce hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da ake kai dattawa asibitin Shika dominsu, tun ƙuruciya ake tara su. Miyar da manja ke iyo a kanta, da kitse, da soye-soye kullum, bashi ne. Ya nemi a riƙa auna mai da cokali, gishiri kuma kada ya kai gram 5 a yini, har da na ɗunƙule.

Ya tunatar cewa faten tsaki da rama, dafaffen wake da kwaɗon zogale, abincin Zazzagawa ne, kuma sun fi araha.

Daga ƙarshe ya gargaɗi 'yan'uwa kada su je gida suna kushe girkin iyaye mata ko na iyalinsu. Mai son canji, in ji shi, ya fara canza cefane.