TSUTSAR CIKI GA KUNKURUN GIDA
Jawabin malamin dabbobi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Madarunfa



A ƙasar Madarunfa akwai gidajen da ake aje kunkuru. Ana ganinsa a Gabi, da Safo, da Ɗan Isa, da Jiratawa. Wani ya gada daga ubansa. Wani ya aje don yara su yi wasa. Wani kuma yana cewa kunkuru tsarin gida ne. Ko mene ne dalilin, wanda ya tsare dabba a gidansa ya ɗauki nauyin ci da sha da lafiyarta.

Ba maganar kififiya ake ba, wadda ke zama cikin ruwa. Maganar babban kunkurun tudu ce, mai gina rami. Duk duniya iri biyu ne kaɗai suka fi shi girma. Namiji yana iya wuce kilo 50. Yana iya wuce shekara 50 da rai, har ya ga jikokin wanda ya kawo shi.

Yaya tsutsa ke shiga cikinsa?

Tsutsa tana zaune cikin hanji. Can take zuba ƙwai. Ƙwan suna fitowa tare da kashi, ido ba ya ganinsu. Kashi ya bushe, ya gauraya da ƙasa. In aka zuba abinci a ƙasan nan, kunkuru ya haɗiye ƙwan. Bugu da ƙari, cin kashi halinsa ne.

A daji kunkuru yana yawo, ya yi kashi nan, ya yi kiwo can nesa. A gida kuwa ɗan lungu guda aka ba shi. Nan yake ci, nan yake kashi, shekara da shekaru. Shi ya sa tsutsa ta fi yawa ga na gida, balle da damina, lokacin da ƙasa ke da laima.

Iri biyu aka fi samu. Akwai ƙanana farare, kamar guntun zare. Kusan kowane kunkuru yana da su, kuma in ba su yi yawa ba, ba sa cutar da shi. Akwai kuma dogaye, wasu tsawon yatsa. Su ne mugaye. Suna cinye abincin da ya ci, in sun taru su toshe hanji.

Kunkuru ba ya kuka kamar akuya, ba a kuma ganin haƙarƙarinsa. Sai mai shi ya lura. Mai ciwo yana barin abinci. Yana zawo, wani lokaci a ga tsutsa ciki. Idanunsa su faɗa. In ƙarami ne, aka ɗaga shi, sai a ji ba nauyi kamar busasshiyar ƙwarya. Amma a sani, da tsananin ɗari ko zafin bazara kunkuru yana shigewa rami ya rage ci. Wannan ba ciwo ba ne.

Wanda ya ga alamun nan, ya ɗebi sabon kashi cikin leda mai tsabta, ya kai ma'aikatar kiwo ta Madarunfa ran nan. Da madubin likita ake gane ko akwai ƙwai, da irinsu.

Yanzu ga babbar magana, a buɗe kunne.

Akwai wata allura da makiyaya suka sani ƙwarai. Ana yi wa shanu da tumaki da awaki, tana kashe tsutsa da kaska. Ana samunta har a kasuwannin ƙauye. Jikin kwalbarta an rubuta IVERMECTINE. Maganin kirki ne ga bisashe. Ga kunkuru kuwa guba ne. Tun 1983 likitocin dabbobi na Amurka suka bayyana haka. Maganin yana shiga jijiyoyinsa, ƙafafu su shanye, numfashi ya tsaya. Kaɗan ma yana kisa. Dabbar da ta shekara 30 a gida, allura guda ta gama da ita.

Ɗalibai su rubuta sunan nan a littafi, harafi 11 ne. Mai tallan magani yakan ce maganinsa na kowace dabba ne. Wanda ya iya karatu sai ya karɓi kwalba ya duba da kansa.

Maganin da likitoci suka fi bai wa kunkuru sunansa FENBENDAZOLE. Ta baki ake ba shi. Sai an aza kunkuru bisa sikeli, don gwargwadon nauyinsa ake auna magani. In ya yi yawa, shi ma yana ɓata jini. Akan sake bayarwa bayan sati 2 ko 3, yadda likita ya ce. Kada a fasa ƙwayar maganin rago a ba shi da ka. Kada kuma a danne shi a yi masa ɗurin jiƙon maɗaci ko kanwa irin na doki. Ruwan yana iya bi ta huhu.

Magani kaɗai ba ya isa, tunda ƙwai suna nan cikin ƙasa. A share kashi kowace safiya, a binne shi nesa. A kankare ƙasar lungun, a zuba sabon rairayi. A sa abinci bisa faranti ko tsohuwar tabarma. Abincinsa ciyawa ne, ɗanya da busasshiya, da ɗan ganye. Sauran tuwo da ƙanzo ba nasa ba ne. A aje masa ruwa cikin kasko marar zurfi, a sake shi kullum.

Iyaye mata sukan tambaya ko tsutsar kunkuru tana kama yara. Tasa dabam, ta mutum dabam. Amma kashinsa da jikinsa suna ɗauke da wata ƙwayar cuta, salmonela, mai sa zawo da zazzaɓi. Ta fi tsanani ga ƙananan yara. Yaron da ya taɓa kunkuru ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Mai rarrafe kada a bar shi kusa da lungun. Kaskon kunkuru kada ya haɗu da ƙoren gida.

Kunkurun daji ya ragu sosai a ƙasashen Sahel. A 2021 masu kula da namun daji na duniya suka sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji tun 1998. Wanda ya gamu da kunkuru a dajin Baban Rafi ya bar shi wurinsa. Wanda kuma nasa ya gagare shi riƙo, kada ya sake shi daji ya kai wa na can cuta. Ya sanar da ma'aikatan gandun daji.