Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ba Ta Mantuwa: Jawabi Kan Asirin Takardun Biro



A zamanin keken rubutu, idan sakatare ya gama buga wasiƙa ya zare takardar, magana ta ƙare, sai fa in ya bar kalbon a kwandon shara. Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ba haka take ba. Duk takardar da aka buɗe a cikinta, sai ta rubuta sunanta a wani jeri na musamman, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Tun 1995, tsarin Windows 95 na kamfanin Microsoft yana nuna takardu 15 na ƙarshe da aka buɗe. A 2009 Windows 7 ya ba kowace manhaja jerinta, a 2015 kuma Windows 10 ya baje jerin a gaban duk wanda ya buɗe ma'ajiyar takardu. Na'urorin Apple da masu aiki da Linux su ma suna da irin nasu. Dalilin da kamfanoni ke bayarwa shi ne sauƙi: ma'aikaci ya iske aikin jiya ba tare da lalube ba. Wannan gaskiya ne, amma sauƙin yana da farashi.

Abu na farko, sunan takarda kaɗai ya isa tona asiri. Ma'aikacin da ya rubuta ƙorafi kan shugabansa, ya raɗa wa takardar suna "ƙorafi zuwa ga minista", ba ya buƙatar a karanta abin da ke ciki kafin ya shiga uku. A ofisoshi da yawa na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, mutum uku ko huɗu ne ke amfani da na'ura guda. Haka ɗan kasuwar da ya je shagon buga takardu domin shirya dosiyen neman kwangila: wanda ya zauna bayansa, ko da abokin takararsa ne, zai ga sunan dosiyen, in kuma an bar kwafi a na'urar, ya buɗe ya ga farashin da aka sa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi: share takarda ba ya share sawunta. Ga kowace takarda da aka buɗe, Windows yana ƙera wata ƴar alama mai riƙe da sunanta, da inda take, da ranar da aka taɓa ta, har da lambar kilen USB da aka ɗauko ta. Ko an cire kile an tafi da shi gida, alamar tana nan. Masu bincike na ƴan sanda sun san wannan sarai, suna kuma kafa hujja da shi. Abin da ke kama ɓarawo kuwa, shi ne zai iya fallasa ma'aikacin da ya miƙa wa ɗan jarida shaidar wawure dukiyar ƙasa.

Lamarin ya ƙara girma a watan Mayu 2024, lokacin da Microsoft ya sanar da wani tsari mai suna Recall, wanda ke ɗaukar hoton allon na'ura kowane ƴan daƙiƙoƙi domin mai ita ya iya komawa ga duk abin da ya gani. Masana tsaro suka yi ca, kamfanin ya ɗage fitar da shi a watan Yuni. Da ya fito da shi a Afrilu 2025, sai ya zama ba ya aiki sai mai na'ura ya kunna da kansa. Darasin a fili yake: da jama'a suka ɗaga murya, babban kamfani ya ja da baya.

Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri na mutane a 2017, aka kuma girka hukumar HAPDP domin kula da ita. Amma doka ba ta zama gadi a bakin kowane biro ba. Rigakafi ya fi magani, kuma yana hannun mai aiki. Kowane ma'aikaci ya nemi a buɗe masa nasa asusu a na'urar, da kalmar sirrinsa shi kaɗai. A Windows 10 da 11, a shiga Paramètres, sannan Personnalisation, sannan Démarrer, a kashe maɓallin nuna abubuwan da aka buɗe kwanan nan. A duba Word da Excel, domin suna riƙe da nasu jerin daban. Takarda mai muhimmanci kada a raɗa mata sunan da zai bayyana cikinta. Mai shagon buga takardu kuma ya share na'urarsa bayan kowane abokin ciniki, domin amana ce aka ba shi.

Shugabannin ma'aikatu su ma da nasu nauyi: su sanar da ma'aikata a rubuce abin da na'urorin ofis ke adanawa, da wanda ke da ikon dubawa. Ma'aikacin da bai san ana lissafa sawunsa ba, an tauye masa haƙƙi.

Allah ya rufa asirin kowa.