MUDU ƊAYA

 Mutanen Zongon Kotonu, fatake da mahauta, 'yan koli da masu sayad da abinci, Allah ya ba mu alheri.

Maganarmu ta yau a kan mudu ce. Kowa ya san ɗan kasuwan nan mai mudu biyu. In za ya sayi masara wurin baƙauye, sai ya fito da babban. In za ya sayar, sai ya jawo wanda aka bubbuge gindinsa. Ran da asirinsa ya tonu, ba mai ƙara tsayawa rumfarsa. Amma kuwa da yawa a cikinmu haka mu ke yi da laifi. Na ɗan'uwa mu kan auna shi da babban mudu har ya yi tozo, namu kuwa ko rabin gwangwani ba ya cikawa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A cikin Matta sura 7 Ubangiji ya gargaɗe mu a kan wannan, gama Allah ba shi da mudu biyu. Wanda ka auna wa maƙwabcinka da shi, shi za ka tarar a ranar shari'a.

Ku duba abin da ya faru a ƙasan nan tamu. Tun 1843 Thomas Birch Freeman ya zo Wida, daga nan aikin Metodis ya kafu. Amma a 1997 rigimar shugabanci ta shiga Ikkilisiyar Metodis ta Benin, ta rabe biyu. Masu karanta Littafi ɗaya, masu baftisma ɗaya, suka kai juna kotu a kan ɗakunan sujada. Ko wane ɓangare yana ganin shi ne mai gaskiya. Yara aka haifa cikin rigiman nan, har suka yi girma ba su san ikkilisiyarsu ɗaya ba ce. Sai a 2016 Patrice Talon, shugaban ƙasa a lokacin, ya zaunad da su, suka yi sulhu. A 2017 suka koma ƙarƙashin shugaba ɗaya. Mun gode Allah domin wannan. Amma mu tambayi kanmu, mu dukanmu, Katolika da Metodis da sauran masu bi: ashe sai mai mulki ya tuna wa 'ya'yan Allah su 'yan'uwan juna ne?

Ga wani misali kuma, a nan Kotonu. Cikin watan Fabrairu na 1990 ƙasa tana bakin wuta, aka kira babban taron ƙasa, aka ɗora Bishop Isidore de Souza a kujerar shugaban taro. A gabansa akwai soja da farar hula, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, waɗanda aka ɗaure da waɗanda suka ɗaure su. Ya saurari kowa da haƙuri. Aka tashi lafiya, mulki ya sāke ba tare da yaƙi ba. Mudu ɗaya ya riƙe wa kowa, shi ya sa kowa ya yarda da shi.

'Yan'uwana, mu da mu ke zaune Zongo, ana kallonmu. Zango masaukin baƙi ne tun zamanin ayari. Bahaushe da Bazabarme, Badende da Bayarabe, duk baƙunci ya tara mu. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ke cika babban masallacin Zongo ran Jumma'a, yawancinsu ba su taɓa buɗe Linjila ba. Halinmu su ke karantawa. In sun ji ɗan wannan ikkilisiya yana kushe ɗan waccan a bakin rumfa, me za su ce game da Almasihunmu? A daren da aka bashe shi, Yesu ya roƙi Uba masu binsa su zama ɗaya, domin ta haka duniya ta gaskata. Yana nan cikin Yohanna sura 17. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙaunan nan kuma ba ta tsaya a ƙofar ɗakin sujada ba. Basamariyen da Yesu ya yaba cikin Luka sura 10 bai tambayi mai raunin addininsa ba kafin ya ɗaure masa miki. In maƙwabcinka Alhaji ya yi rashi, je ka yi masa gaisuwa. In gobara ta ci rumfar wani, kada ka ce alhaki ne. Kai masa abin da ka ke da shi. Shari'a ta Allah ce, shi kaɗai ya san zuciya.

To, kafin Lahadi mai zuwa, ka tuna da mutum ɗaya wanda ka daina gaisarwa. Ka riga shi sallama.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana mudunmu biyu. Ka haɗa kan ikkilisiyarka, ka koya mana ƙaunar dukan mutane, domin Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.