Fitilar Da Ke Shaidar Ruwa A Cikin Man Gas



Abin da zan yi magana a kansa yau bai kai girman ɗan yatsa biyu ba, amma mu mutanen Sabon Birni da Isa mun san ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wata 'yar na'ura ce da makanikai ke kira sensa, wadda ke ɗaure a gindin filtar man gas, wato dizal. Aikinta guda ɗaya ne: ta kunna fitila a gaban direba idan ruwa ya taru a cikin filta.

Kawuna yana da Hilux da yake jigilar gero da albasa tsakanin garuruwan nan biyu. Wata damina fitilar ta dinga kamawa, sai wani mai gyara ya ce masa sensa ce ta lalace, ya zare soket ɗinta, fitila ta mutu, kowa ya yi murna. Ba a yi wata biyu ba motar ta fara shaƙewa, rannan kuma ta tsaya cik a daji, ana dab da magariba. Duk wanda ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga ya san wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce kurum. Allah ya kiyaye, aka jawo ta gida. Da aka buɗe sai aka tarar nozul sun yi tsatsa. Ashe sensar gaskiya take faɗi tun farko.

To, ta ina ruwa ke shiga mai? A ƙasarmu ta bakin iyaka man da direba zai zuba yakan biyo ta duro da jarka kafin ya kai tankinsa. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya ƙara tura jama'a wajen 'yan bumburutu. Duron da ya kwana a waje da damina yakan sha ruwa ta murfi. Ko tankin mota ma, in an bar shi rabi, iskar da ke ciki takan yi raɓa da sanyin dare, ta ɗiga cikin mai.

Ruwa ya fi gas nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gas kuwa wajen giram 850 ce, saboda haka ruwa ke kwantawa a gindin filta, inda sensa ke jiransa. Sensar iri biyu ce. Akwai mai ɗan zobe da maganaɗisu a ciki, wanda ke nutsewa a gas amma ya taso a kan ruwa. In ya taso sai ya haɗa wuta, fitila ta kama. Akwai kuma mai ƙarafa biyu tsirara: gas ba ya ɗaukar wutar lantarki, ruwa kuwa yana ɗauka, don haka da zarar ruwa ya taɓa su duka biyu sai saƙo ya tafi. Dalilin wannan tsaro shi ne, injin zamani yana tura mai cikin nozul da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,500, kuma man da kansa ne ke sa ƙarafan famfo santsi. Ruwa ba ya wannan aiki, sai dai ya kawo tsatsa.

Yanzu ga tsarin bincike, daki-daki. Da fari, in fitila ta kama, a tsaya a wuri mai aminci a kashe inji. A sa kwalba mai haske a ƙarƙashin filta, a sassauta makunnin tsiyaya, a danna ɗan famfon hannu da ke saman filta har mai tsantsa ya fara fitowa. A ajiye kwalbar ta natsa. In an ga ruwa ya kwanta a ƙasa, sensa ta yi aikinta, babu abin canzawa sai wurin sayen mai. A wasu motocin, ƙiftawar fitila na nufin ruwa, tsayawarta cak kuma na nufin filta ta toshe, don haka a duba littafin motar.

Na biyu, in babu ruwa amma fitila ta ƙi mutuwa, a duba soket da wayoyi. Sau da yawa laifin na nan: laka, ko tsatsa, ko wayar da ta goge ta taɓa jikin mota.

Na uku, in waya lafiya lau, a tsiyaye filta a kwance sensar a gwada ta da mita. Mai zobe, a ɗaga zoben sama a sauke shi. Mai ƙarafa biyu, a tsoma bakinta a kofin ruwa a fitar. In karatun mita ya sauya, tana da rai, wanki kawai take so, domin dattin mai kan maƙale zoben. In bai sauya ba, to, a nan ne kaɗai za a ce ta mutu.

Wajen sa sabuwa, a tabbata lambarta ta dace da ta motar, gama araha ba ta ado. A sa sabon zoben roba, a shafa masa ɗan gas, a ɗaura da hannu a hankali, don jikinta roba ne, ƙarfin sifana na iya tsaga shi. A mayar da soket, a danna famfon hannu har ya yi tauri don iska ta fita, sannan a tayar da inji a duba ko akwai yoyo.

'Yan uwana, da yawa daga cikinmu kuɗin makarantarmu daga bayan irin waɗannan motoci da taraktocin fadamar Rima yake fitowa. Iyayenmu sun fi mu sanin hanya, amma mu ne aka tura mu karanta abin da ke rubuce a littafin inji. Idan mun koma gida hutu, mu zauna da direbobinmu cikin ladabi, mu roƙe su abu uku: su bar man duro ya kwana ya natsa kafin su zuba, su riƙa tsiyaye filta da damina ko fitila ba ta kama ba, kuma kada su yarda kowa ya zare soket ɗin nan sai an ga abin da ke cikin kwalba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya maido da zaman lafiya ƙasar Gobir.