Tsatsar Mota da Facin Gaskiya

Jawabin da aka yi wa hakimai da malamansu na ƙasar Gwandu da ƙasar Argungu

Maganar da aka aiko ni da ita yau ƙarama ce ga ji, amma akwai dukiya da rai a cikinta. Watau maganar tsatsa ce mai cin motocinmu, da yadda za ku gane facin kirki kafin ku sa hannu a biya mai walda.

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, gishiri kuwa yana ƙara mata sauri. To, ku dubi zamanmu a bakin Gulbin Rima. Motar da ke ɗauko shinkafa daga fadama, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, tana kwasar laka a ƙarƙashinta, lakar nan kuwa takan riƙe danshi kwana da kwanaki. Wadda ta kai takin zamani gona, in buhu ya yage, takin yakan narke a daɓenta ya ci shi. Waɗanda ruwa ya sha a ambaliyar shekarar 2020 ba sai an faɗa ba. Tsofaffin motoci kuma da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, da yawa da ciwonsu suke zuwa, domin can gishiri ake watsa wa hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke.

In tsatsa ta huda mota, waɗansu masu gyara sai su liƙe ramin da bodi fila, su goge, su fesa fenti. Wannan kyan ɗan maciji ne. Tsatsar tana nan ciki tana ci, damina ɗaya ko biyu wurin ya kumbura ya fashe. In a daɓe ne, hayaƙin salansa yana shigowa ta nan, a cikinsa kuwa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa direba ciwon kai da gyangyaɗi, har tana kisa.

Ga yadda gwani ke yi. Da farko yakan kankare fenti, ya yanke ruɓaɓɓen wurin duka har ya tarad da farin ƙarfe mai lafiya. Sa'an nan ya ɗora kwali a bakin ramin ya fitar da siffarsa, ya zana ta a kan sabon farantin ƙarfe mai kauri daidai da na motar, watau wajen milimita 1 ga ƙananan motoci. Ya yanka, ya bubbuga da guduma har facin ya ɗauki lanƙwasar jikin motar, ya zauna baki da baki. In aka ɗora wani bisa wani, ruwa yakan kwanta tsakaninsu. Wajen walda kuwa ba ya jan wuta gaba ɗaya, domin zafi yana murɗe ƙarfe marar kauri. Ɗigo yake yi nan, ya tsallaka can, ya bari ya huce, har ɗigon su haɗu. Daga nan ya goge, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje. Bayan facin nan, inda ido ba ya gani, shi ne ma'aunin amanarsa.

Lalle a kiyaye abu uku. Kada a yi faci da kwanon rufin ɗaki, gama bai kai kauri ba, kuma hayaƙin farin abin da aka shafa masa yana sa mai walda zazzaɓi. Kada a kunna wuta sai an cire batir, an ɗebe kujeru da shimfiɗa, an tabbata tankin fetur da bututunsa suna nesa. In kuwa tsatsa ta ci ƙashin motar, inda ke ɗauke da nauyi, faci ba ya isa, sai a sauya sashen ɗungum.

Abin da muke roƙo gare ku, ranku ya daɗe, shi ne a kai motocin gunduma gyara da rani, kafin ruwa ya sauka. Malami ya je ya ga ramin da idonsa bayan an yanke, ya sake gani bayan walda tun ba a yi fenti ba, ya rubuta a littafi. In an kawo mota an riga an fente ta, ya ɗora maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, a wurin: in ya ƙi kamawa, bodi fila ce aka cika. Ku gargaɗi direbobin ƙasarku su riƙa wanke ƙarƙashin mota in sun fito daga fadama. Facin gaskiya ya fi tsada, amma araha ba ta ado, kuɗin kuwa na talakawanku ne.

Allah ya ja zamaninku, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.