Saƙar Shawul ɗin Jariri: Kuɗin Zare Tukuna

Ni dai da kwarashi da zaren ulu nake biyan zubina na mako. Shawul ɗin jariri ya fi tafiya da hunturu, shi ya sa tun kaka nake farawa. Kada ki jira haihuwa, kwana bakwai ne fa a yi suna. Zaren nan daga Kaduna yake zuwa mana Birnin Gwari, kun kuwa san halin hanyar dajin nan: motoci na tsayawa, kuɗinsa ya hau. Don haka kada ki ci bashin asusu saboda mai cewa "sai bayan suna". Ta ba da kuɗin zare tukuna. Ki zaɓi mai laushi, ki matse saƙar, kada yatsan jariri ya maƙale.